Yadda Ake Gano Matsalar Injin Huda Ƙanƙara Mai Fetur, da Inda Mai Batir Ya Fi Shi

A arewacin Amurka da Kanada, daga Disamba zuwa Maris, tafkuna kan daskare su zama fili. Mutane na takawa da ƙafa, wasu da babur ɗin ƙanƙara, idan sanyi ya yi nisa har da motoci. A tafkin Mille Lacs ko Lake of the Woods na jihar Minnesota, ko tafkin Winnipeg na lardin Manitoba, sai ka ga rumfunan masunta jere iya ganinka. Kifin yana ƙasa cikin ruwan da bai daskare ba, kuma ba hanyar kai masa ƙugiya sai an huda rami. Abin hudawar dogon ƙarfe ne murɗaɗɗe, da wuƙaƙe a ƙasansa, da inji a sama wanda ake riƙewa da hannu biyu. Ranar da injin nan ya ƙi tashi, kamun kifi ya ƙare tun ba a jefa ƙugiya ba.

Wanda ya taɓa fama da ƙaramin janaretan nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai ya riga ya san rabin wannan inji, domin ƙirarsu ɗaya: igiyar ja, cok, fulogi, kafireto. Abin da ya ƙaru shi ne sanyin digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, da kuma watanni takwas da injin ke yi a ajiye. Wannan ajiyar ita ce tushen ciwon. Yawancin injinan da ke ƙin tashi a tsakiyar tafki tun a gareji suka lalace, lokacin zafi, da tsohon fetur kwance a cikinsu. Don haka duk gwajin da zan zayyana, ka yi shi a gida tun watan Nuwamba, inda yatsunka za su iya riƙe sukudireba.

Fara da abin da ke cikin tanki

Buɗe murfin tanki ka sansana. Fetur ɗin da ya daɗe a ajiye warinsa kan koma na fenti, launinsa ya yi duhu. Idan tun bara yake ciki, kada ma ka ja igiya. Juye shi a galan na daban, ka kai wurin da ƙaramar hukuma ke karɓar irin wannan shara. Ba a zubar da shi a ƙasa, balle a kan ƙanƙara, domin duk abin da ya zube a can cikin ruwan zai ƙare idan ta narke.

Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai na Amurka yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda ake tatsa daga masara. Jihar Minnesota ta wajabta haka tun 1997. Itanol yana jan danshi daga iska. Idan ruwan ya yi yawa sai su haɗu su kwanta a gindin tanki, daidai inda tiyo ke zuƙo mai. Yana kuma busar da tiyo da robobin kafireto. Dokar ta yi rangwame ga ƙananan injina, shi ya sa za ka ga wasu gidajen mai da famfo guda mai lamba 91 wanda ba itanol a ciki. Shi za ka nema. Akwai kuma fetur na gwangwani da aka riga aka gauraya, irin su TruFuel. Yana da tsada ƙwarai idan aka lissafa da lita, amma injin huda ba ya shan mai da yawa, kuma wanda ke fita jefi-jefi gara ya biya wannan da ya biya makanike.

Gaurayawa ba a yin ta da ƙiyasin ido. Injinan kamfanin Eskimo na zamani suna son 50:1, wato mililita 20 na baƙin mai a lita guda ta fetur. Wasu na son 40:1, mililita 25 ke nan. Tsofaffin da ke ɗauke da injin Tecumseh, kamfanin da ya daina ƙera ƙananan injina a 2008, da yawansu 24:1 ne, kusan mililita 42. Duba abin da aka rubuta a murfin tanki ko littafin injin. Idan baƙin mai ya yi kaɗan, fistin zai ci bangon silinda. Idan ya yi yawa, hayaƙi zai turnuƙe, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. A galan ake gaurayawa a girgiza, sannan a zuba a tanki, kuma da man da aka yi domin irin wannan inji, ba na mota ba.

Tayar da shi a kan ƙa'ida kafin ka zarge shi

Ana yawan ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. Kunna makunni. Idan murfin tankinka mai ɗan sukurun iska ne a sama, kwance shi. Danna 'yar ƙwallon robar da ke turo mai har ka ga fetur ya bayyana a cikinta. Rufe cok gaba ɗaya. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga gajere da ƙarfi. Kada ka ja ta har ƙarshe, kada kuma ka sake ta ta koma da kanta, a sanyi robar mariƙin da sifirin ɗin ciki ba sa jure wannan. Da ka ji injin ya yi tari sau ɗaya, mayar da cok rabi, ka sake ja. Idan ya kama, bar shi ya yi silo minti ɗaya ko biyu, ka buɗe cok duka. Wannan tarin na farko shi mutane ke tsallakewa. Sai su ci gaba da ja da cok a rufe har injin ya shaƙe da mai.

Alamar shaƙewa ita ce warin ɗanyen fetur, wani lokaci har yana ɗiga daga salansa. Maganinta: buɗe cok, danne totur har ƙarshe, ka yi ta ja sau goma zuwa sha biyar. Amma ka sani, da ya kama da totur a danne ƙarfen zai juya nan take. Don haka cire ƙarfen hudawar daga jikin injin tukuna. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, aikin minti guda ne, kuma ya fi a ɗinke maka ƙafa.

Abin da fulogi zai gaya maka

Idan ka bi ƙa'ida bai tashi ba, kwance fulogi ka dubi bakinsa. Nan ne hanya ta rabu biyu, kuma wanda ya iya karanta fulogi ya huta da kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Fulogi a bushe bayan ka yi ta ja da cok a rufe yana nufin mai ba ya isowa. Fulogi a jiƙe yana nufin mai na zuwa amma ba ya kamawa, ko don ya yi yawa ko don babu wuta. Baƙin ƙirin mai toka, mai ya fi iska yawa. Fari fat, iska ta fi mai yawa, kuma wannan shi ne mai haɗari ga fistin. Lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake.

Gwada wuta. Mayar da fulogin cikin hularsa, jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen injin, nesa da ramin da ka ciro shi saboda tururin fetur, ka ja igiya a wuri mai ɗan duhu. Tartsatsi shuɗi mai kauri ake nema. Idan babu, ko ja ne mai rauni, sa sabon fulogi mai lamba iri ɗaya da tsohon. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injina tana tsakanin milimita 0.6 da 0.75. Har yanzu babu wuta? Bi siririyar wayar da ta taso daga makunni zuwa kwayil, ka zare ta daga jikin kwayil ɗin, ka sake gwadawa. Idan wuta ta dawo, makunnin ne ya lalace ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Idan ba ta dawo ba, kwayil ne. Kafin ka saya sabo, duba tazararsa da faifan maganaɗisun da ke juyawa a gefensa. Kusan milimita 0.3 ce, kuma makanikai kan saita ta da katin kasuwanci: a sa katin a tsakani, a ɗaure, a zare.

Idan wuta na nan, ɗiga ɗigo kaɗan na gaurayayyen fetur a ramin fulogi, ɗaura, ka ja. Ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu? To ka gama bincike, injin lafiya yake, hanyar mai ce ta toshe. Ban yarda da feshin tayar da injin da ake sayarwa a gwangwani ba ga irin wannan inji. Babu baƙin mai a cikinsa, kuma duk jan da ka yi da shi fistin na gogar silinda ne a bushe.

Hanyar mai, daga tanki zuwa kafireto

Lanƙwasa waya ka zaƙulo tiyon da ke cikin tanki. A ƙarshensa akwai 'yar matata mai nauyi. Idan ta yi datti, ko ta ɓalle tana yawo ita kaɗai, canza ta. Matsa tiyon da yatsa. Lafiyayye yana lanƙwasuwa, wanda itanol ya cinye yana tsagewa ko ya yi danƙo. Dubi ƙwallon robar ma. Tsaga ko da ta gashi ce tana sa ta zuƙo iska a maimakon mai. Idan ka danna ta ƙi dawowa, toshiya tana gabanta, wajen matata ko cikin kafireto. Idan a kan tafki abin ya faru, kuma jiya injin lafiya ya yi aiki, zargi ruwan da ya daskare a tiyo. Sa kan injin a wuri mai ɗumi na rabin awa, ba kusa da wuta ba.

Kafireton waɗannan injina ba shi da kwanon mai a ƙasa, domin ana karkata injin ta kowane ɓangare. Siraran fatun roba guda biyu ne ke aikin: ɗaya tana famfo, ɗaya tana auna yawan man da zai shiga. Yawancinsu ƙirar kamfanin Walbro ne ko kamfanin Zama, kuma lambar samfurin tana rubuce a jikin ƙarfen. Da ita za ka sayi ƙunshin gyara, mai ɗauke da fatun da gaskit da allura. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a ganina shi ke ceto injina fiye da kowane gyara.

Cire matatar iska, kwance notuna biyun da suka riƙe kafireto, zare tiyo da wayar totur. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman jerin fata da gaskit, domin a ɓangaren famfo fatar ce ke manne da jikin kafireto, a ɓangaren awo kuwa gaskit ne ke fara zama. Wanda ya juya su zai ɗaura komai daidai ya ja har ya gaji. Buɗe murfin mai ƙananan sukurori huɗu, ka taɓa fatar. Sabuwa laushi gare ta. Idan ta yi tauri tana ƙara in an lanƙwasa ta, ita ce mai laifin. A ƙarƙashinta akwai ɗan hannun ƙarfe da allura da sifirin ƙarami wanda in ya yi tsalle ba ka ƙara ganinsa, don haka yi aikin a cikin faranti. A ɗaya ɓangaren akwai 'yar rariya zagayayya inda datti ke taruwa. Fesa ruwan wanke kafireto a kowane rami har ka ga ya fito ta wani wuri. Kada ka tsokane ramukan da waya, faɗinsu a aune yake. Kada kuma ka hura musu iska mai ƙarfi ta kwamfuresa, akwai ƙananan bawul a ciki da take fasawa.

Sukurorin saiti uku ne idan kafireton na da su: L na ƙaramar wuta, H na babbar wuta, sai na silo. Sababbin injina da yawa an toshe L da H ko an yi musu kai na musamman saboda dokokin hayaƙi na Amurka. Idan naka na juyuwa, ƙirga zagaye nawa kowanne ya yi kafin ya zauna, ka rubuta, ka mayar da shi haka. Idan lissafin ya ɓace, fara da zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga inda ya zauna a hankali, ba da ƙarfi ba.

Ya tashi, amma da saura

Injin da ke aiki minti biyu ko uku ya mutu, ya huta ya sake tashi, kusan kullum murfin tanki ne. Ramin iskarsa ya toshe ko ya daskare, mai ya kasa sauka. Sassauta murfin. Idan ka ji ya ja iska, ka samo shi.

Wanda ba ya rayuwa sai da cok a rufe mai ne bai ishe shi ba. Ko kafireto bai wanku ba, ko iska na satar shiga ta gaskit ɗin da ke tsakaninsa da silinda. Kada ka ce ai yana aiki a haka ka ci gaba da huda. Baƙin man da ke kare fistin cikin fetur ɗin yake tafiya, ƙarancin ɗaya ƙarancin ɗayan ne.

Wanda ke shaƙewa da zarar an ba shi wuta, fara ba shi lokaci ya yi ɗumi. Idan bai daina ba, buɗe L kaɗan ta hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka gwada. Iska mai tsananin sanyi ta fi kauri, injin da aka saita a ɗumin gareji yakan buƙaci ƙarin mai a kan tafki. H kuwa a yi hattara da shi. Idan ka matse shi za ka ji injin ya ƙara ƙara da gudu, ka ɗauka ya gyaru, alhali hanyar ƙonewa ya kama. Saitin da ya dace shi ne wanda injin ke ɗan gurnani idan ba ya huda, muryar ta washe idan wuƙaƙe sun kama ƙanƙara.

Idan silo lafiya amma ƙarfi babu, leƙa matatar iska ko dusar ƙanƙara ta cika ta, sannan kwance bakin salansa. Wasu na da rariyar tare tartsatsi wadda baƙin hayaƙi ke liƙewa. A kankare ta da burushin ƙarfe. Tun da ka cire salansa, haska tocila ta ramin ka dubi jikin fistin. Zane-zane masu zurfi daga sama zuwa ƙasa na nufin gyaran ya wuce na gida. Ma'aunin matsi zai tabbatar maka: ƙasa da 90 a ma'aunin psi, da wuya irin wannan inji ya tashi a sanyi.

Inji na ihu ƙarfe ba ya juyawa, duba notin da ya haɗa su, sannan kuloci. Ƙarfe na juyawa alhali ba ka taɓa totur ba, ko silo ya yi sama ko sifirin ɗin kuloci ya tsinke. Wannan ba abin da ake fita da shi ba ne, a gyara shi a ranar.

Akwai kuma injinan da ba a gauraya musu mai, irin Honda mai cc 35 da kamfanin StrikeMaster mai ƙera injinan huda ya yi amfani da shi, da masu tukunyar gas irin Jiffy Pro4. Baƙin mansu daban yake zama, kuma yana yin kauri a sanyi, don haka sa wanda littafin ya ce na hunturu. Wasunsu idan aka kwantar da su ta ɓangaren da ba daidai ba, baƙin mai kan gangara cikin silinda, igiya ta ƙi jawuwa. Kwance fulogi, ja igiya ya feso, goge, mayar. Mai gas ya tsira daga tsohon fetur, sai dai gas ɗin furofen yana daina zama tururi a digiri 42 ƙasa da sifili, kuma tun kafin a kai can ƙarfinsa ke raguwa. Riƙe tukunyar a cikin mota har lokacin huda.

Sau da yawa ba injin ba ne, wuƙaƙe ne

Wuƙa mai kaifi ita ke jan kanta cikin ƙanƙara. Da ka ji kana dannawa da nauyin jikinka, kaifi ya tafi. Iri biyu ne. Akwai masu santsin baki da ke fere ƙanƙara, suna da sauri, amma ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta dakushe su. Akwai masu haƙora da ke ɓarzar ta, ba su kai waɗancan sauri ba, sai dai suna jure ƙanƙara mai datti da sake buɗe tsohon rami. Guji huda a kan hanyar da motoci ke bi a tafki, tayoyi na kawo yashi daga titi. A ruwa marar zurfi kuma kula kada ƙarfen ya zarce ya daki ƙasa.

Babban abin da ke kashe ƙarfen huda shi ne buga shi a ƙasa don kakkaɓe ƙanƙarar da ta manne. Mazaunin wuƙaƙen yana da karkata da aka auna, bugu ɗaya na iya canza ta, daga nan ko sabuwar wuƙa ka ɗaura sai dai ta yi ta zamewa. Bayan kowane rami, ɗaga ƙarfen ka ba shi wuta kaɗan ruwan ya watse, ka mayar da murfin wuƙa. Idan ƙanƙara na da kauri, riƙa ɗago shi kana fitar da ɓarɓashi, kuma sassauta hannu idan ka ji an kusa ɓullawa, nan ne yake fizga. In ya maƙale, kashe injin, cire shi, zura sandar ƙarfe a ramin notin, ka murɗa shi baya da hannu, saɓanin yadda yake juyawa lokacin huda. Kada ka bar shi tsaye cikin ramin da ruwa ya shiga, daskarewa zai yi a wurin.

Ramin farko kusa da gaɓa ake huda shi, a sa ma'auni. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ce sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai inci 4, wato santimita 10, kafin mutum ya taka, inci 5 zuwa 7 kafin babur ya hau. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin wannan ƙarfin gare ta. Wannan awon ya fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci.

Mai batir

Tun da kamfanin ION ya fito da inji mai batirin litiyam na volt 40, StrikeMaster da sauran suka biyo, kasuwar ta juya. Dalilin a fili yake. Duk abin da muka bi ɗaya bayan ɗaya, fetur, fulogi, kafireto, cok, igiya, babu ko ɗaya a cikinsa. Ka danna, ya juya. Ya fi sauƙin ɗauka, domin mai fetur yakan kai kilo 12 zuwa 15, masu batir da yawa ba su kai 10 ba. Ba ya sa warin fetur a mota ko a safar hannun da za ka taɓa abincin kifi da ita. Yawancinsu na juyawa baya, su tura ɓarɓashin ƙasa su bar rami tas. Abin da ya fi duka a wurina shi ne huda a cikin rumfa. Hayaƙin injin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma a rufaffen wuri tana kisa. Wanda ke su a rumfa, musamman da yara, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawara.

Nasa ciwon batir ne. Litiyam ba ya son sanyi. Batirin da ya cika da safe, idan ya yini a kan ƙanƙara, sai ya nuna ya mutu alhali da caji a cikinsa. Cire shi bayan huda ka sa a aljihun cikin riga ko jaka mai rufi. Idan injin ya tsaya a tsakiyar rami, galibi na'urar kariya ce ta yanke saboda an danna da yawa ko ɓarɓashi ya cushe. Saki makunni, ɗago, jira kaɗan. Idan ya ƙi motsi sam, duba bakin batirin ko dusa ta shiga. Kada ka taɓa sa batir a caji yana ƙasa da digiri sifili. Lahanin da hakan ke yi a cikinsa ba ya gyaruwa. Bar shi ya yi awanni a ɗaki tukuna. Lokacin zafi kuma a ajiye shi da kusan rabin caji, ba a jikin injin ba.

Kamfanoni kan faɗi ƙarfin batir da jimillar incin ƙanƙarar da zai huda. Lissafin mai sauƙi ne. A ce an rubuta inci 1,000, ƙanƙarar kuma inci 20 ce, ramuka 50 ke nan, da sabuwar wuƙa da batir mai ɗumi. Rage wani abu daga ciki saboda sanyi. Faɗin rami ma na ci: mai inci 10 ya fi mai inci 8 yawan ƙanƙarar da ake cirewa da fiye da rabi. Dakusasshiyar wuƙa kuwa, wadda mai fetur zai yi ta ja da ita da ƙarfin tsiya, a mai batir cajin take sha.

Hanya ta uku ita ce dirilin kafinta mai batir, irin Milwaukee M18 Fuel, a ɗaura masa ƙarfen huda marar nauyi kamar K-Drill. Dole ya zama mai ƙarfin murɗa sosai, a sa shi a giya ta ɗaya, a kashe bugun guduma, a ɗaura mariƙin gefe, in ba haka ba ranar da ƙarfen ya cije wuyan hannunka ne zai karɓa. Tabbatar akwai faifai ko soso a saman ƙarfen wanda ya fi ramin faɗi ko yake sa shi yawo a ruwa, domin bakin dirili na sassautawa, ƙarfen ya sulale ƙasan tafki.

Wanne za ka riƙe

Mai fita ranar Asabar ya huda ramuka ashirin ko talatin ya kwana a gida, mai batir ya fi masa, ban ga abin jayayya a nan ba. Mai fetur yana da gurbinsa har yanzu: tafkin Winnipeg a watan Maris, inda ƙanƙara kan kai mita guda har sai an ƙara wa ƙarfen tsawo, ko tafiyar kwanaki a dajin lardin Ontario na Kanada inda babu wurin caji, ko mai huda wa jama'a ramuka masu inci 10 tun asuba. Lita biyu a galan ba ta damu da sanyi ba. Ka kuma lissafa cewa batir na tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, sabonsa na cin babban kaso na kuɗin injin, alhali mai fetur da aka kula da shi yana shekara ashirin.

Kulawar ba ta da yawa. A ƙarshen Maris juye tankin, tayar da injin har ya mutu da kansa, ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogi ka ja igiya a hankali, shafa wa wuƙaƙe mai. Wasu sun fi son barin fetur marar itanol da maganin hana lalacewa irin Sta-Bil, suna tayar da shi sau ɗaya a wata don fatun kafireto su zauna da laushi. Duka biyun na aiki. Wanda ba ya aiki shi ne a jingine shi da rabin tanki a manta.

Saboda mutane na komawa batir, masu fetur na hannu sun yi araha. Idan za ka saya, ɗaga injin da mariƙin igiyarsa. Mai matsi mai kyau yana sauka a hankali da tsayawa-tsayawa, wanda ya gaji zarcewa yake yi. Mirgina ƙarfen a daɓe ka ga ko ya lanƙwashe, ka dubi mazaunin wuƙaƙe ko akwai alamar bugu. Ka kuma gaya wa mai sayarwa tun a waya kada ya tayar da shi kafin ka iso. Da ka je, ɗora hannu a kan salansa ka tabbatar da sanyi take, sannan ka ja igiyar da kanka.